Madam Emilia da Ƙarar Cikin Kurmi

Madam Emilia ba ta shan nono. Ko ɗanɗana shi ta yi, sai cikinta ya yini yana kuka. Amma duk ranar Alhamis, in Hajjo ta shigo Kafanchan da ƙwaryarta, sai ta saya ta rufe da faifai, in Hajjo ta tafi ta miƙo mini ta kan katanga. Ni ce maƙwabciyarta a bayan kwatas ɗin reluwe, 'yar Wusasa da aure ya kawo, kuma ni da 'ya'yana mun yi shekaru muna shan nonon da ba mu saya ba. Saboda haka ina da bakin ba da labarinta.

An haife ta a wani ƙauye can bayan Fadan Kagoma. Ta yi makarantar mishan, ta koyi bugun tafireta a Jos, ta samu aiki a ofishin reluwe tun jiragen suna cika tasha. Mace ce doguwa, mai tsare gida, wadda in ka gaishe ta sau biyu a rana sai ta tambaye ka ko lafiya. Ba ta iya hira ba, ba ta iya gulma ba, kuma a unguwarmu wadda ba ta iya waɗannan biyun ba ta shiga uku. Mijinta Andrawus ya rasu a 1987, ciwon hanta, 'yan watanni bayan rikicin addinin da aka yi a garin. Ɗansu ɗaya, Nicholas, yana Fatakwal, sai Kirsimeti ake ganinsa, wani Kirsimetin ma sai katinsa.

A wannan shekarar kowa ya koma cikin nasa. Mutanen da suka saba cin abinci kwano ɗaya suka riƙa gaisawa daga nesa. Hajjo, wadda da can mai kawo nono ce kawai, ita ce ta fara ƙwanƙwasa ƙofar Emilia bayan an binne Andrawus. Ta sauke ƙwarya, ta jawo wata 'yar kujerar katako, ta zauna a bakin falo. Ba ta ce komai ba sai sannu, sannu, har rana ta karkata. Daga ranar kujerar ta zama tata.

Rugar su Hajjo tana kusa da ƙauyen su Emilia, a gefen rafin da ke fitowa daga kurmin ƙauyen. Mijin Hajjo, Hammawa, a nan aka haife shi, suna noma masara, shanunsu ba sa zuwa nesa ko da rani, saboda rafin ba ya ƙafewa. Na sha kasa kunne ta katanga in ji abin da matan nan biyu ke tattaunawa, in gaya muku gaskiya ban taɓa samun abin kai wa gaba ba. Emilia tana tsince acca, Hajjo tana gyara ɗankwali, sai a ce saniya kaza ta haihu, a yi shiru, a ce Nicholas bai rubuto ba, a sake yin shiru. Amma tun daga Laraba Emilia ke share bakin falon. Da jirage suka ragu aka yi mata ritaya, Alhamis ɗin nan ce kaɗai ranar da ta bambanta da sauran a gidanta.

Sai na ɗan yi bayanin kurmin. A zamanin kakannin su Emilia wurin dodo ne. Maza ne kaɗai ke shiga, su ma sai waɗanda aka shigar. Mace ba ta taka bakinsa, ba ta yin itace a gefensa, kuma in wata murya ta fito daga ciki, sai ta kau da kai ta ci gaba da abin da take yi. Ba ta tambaya, ba ta faɗa wa kowa ta ji, ko da ƙawarta ce suna tsaye tare. Haka uwar Emilia ta koya mata da dundu tun tana ƙarama. Daga baya ƙauyen ya karɓi bishara, dodo ya yi shiru, maza suka daina zuwa. Amma an yi wa matan baftisma ne, ba a wanke musu tsoron ba. Shi ya sa itatuwan suka tsira, loko da maɗaci manya manya, a lokacin da duk dajin kewaye ya koma gonar citta.

Wajen 1995 Hajjo ta fara cewa rafin yana raguwa. Ta ce Hammawa ya faɗa, in ya ƙafe ba su da zama, sai su bi 'yan'uwansa da suka yi gabas. A wannan lokacin ne kuma aka fara jin cewa masu katako suna zarya wurin dattawan ƙauyen. Emilia ta haɗa biyun a ranta: in kurmi ya tafi ruwa ya tafi, in ruwa ya tafi Hajjo ta tafi. Ba ta taɓa faɗin na ƙarshen da bakinta ba, amma ni na san shi ne ya tayar da ita. Ta sauko da tsohuwar tafiretarta daga kan kabad, ta shiga rubuta ƙorafi zuwa duk ofishin da ta san sunansa. Ba wanda ya amsa.

Ana haka wata Patricia, ma'aikaciyar raya karkara daga Jos, ta zo taron zumuntar mata da labarin cewa wata ƙungiya daga ƙasar waje tana ba da tallafi. Za a koya wa talakawa kwamfuta, su kuma su yi amfani da ita su yi magana a kan ruwansu da dajinsu. Matan suka tafa, suka koma zancen anko. Emilia kaɗai ta bi Patricia har bakin mota. Bayan kusan shekara sai ga kaya a falonta: kwamfuta biyu, na'urar buga takarda, ƙaramin janareta da kyamara. Ta je Jos aka horar da ita. An ce malamin sai da ya roƙe ta ta sassauta hannu, don tana dukan maɓallan ne kamar tana ofishin reluwe.

Falon da ba a taɓa jin dariya a cikinsa ba ya cika da matasa. Sharaɗin shi ne duk wanda aka koya wa zai riƙa rubutu a wata 'yar jarida mai shafi huɗu da ta sa wa suna Muryar Kurmi, ana raba ta a coci da masallaci da tashar mota. Sun yi rubutun kuwa. Kowa zai yi shafi ɗaya a kan amfanin itace, sannan ya buga takardar neman aiki ya gyara ta tsaf. Da zarar hannu ya faɗa, sai a ji yana Abuja ko Kaduna. Emilia ba ta taɓa zagin ko ɗaya ba, ta ce yunwa ce ke korarsu. Ni ce nake zaginsu a madadinta, don ko sallama wasu ba sa yi. Ni ma na gwada koyo, ɗan abin nan da ake ja a kan tebur ya ƙi bin hannuna, na ce na yafe.

Wajen coci kuwa abin bai yi mata daɗi ba. Faston ƙauyensu ya ce a kan mumbari akwai waɗanda suka ci abincin Ubangiji amma zuciyarsu tana wurin tsafi. A Kafanchan aka sa mata suna Maman Dodo. Ta ce Allah ya shuka itatuwan nan tun kafin wani ya ajiye dodo a cikinsu, amma amsa mai kyau ba ta sa a zauna kusa da mutum. Na riƙa ganinta ranar Lahadi ita kaɗai a ƙarshen benci, jakarta a gefe kamar tana tsare wa wani wuri, kuma abin yana ba ni tausayi ƙwarai.

Masu tallafin suna son hotuna. Emilia ba ta ko yi tunani ba, ta ɗauki kyamarar ta ba Martins, wani malamin firamare ɗan ƙauyensu da ke cikin ɗalibanta, tunda shi namiji ne. Duk wata zai kawo hoto, kuma duk daga waje yake ɗauka: itatuwa a jere, kore shar, sun tokare sama. Ya ce ciki duhu ne, kyamarar ba ta gani. Ta yarda. Ta riƙa rubuta wa a jaridarta cewa kurmi yana nan, dattawa sun yi alkawari, maganar talaka ta yi aiki. In ta je ƙauyen sai ta tsaya a filin coci ta hango shi, ta dawo da farin ciki har ta gaishe ni ba tare da na fara ba.

Sau ɗaya na raka ta. Muna tsaye a filin nan da hantsi sai na ji wata ƙara tana tashi tana sauka daga wajen kurmin. Na ce ƙarar me ke nan? Ta kau da kai, ta ce injin niƙa ne, ta shiga ba ni labarin yadda citta ta yi kyau bana. Injin niƙan ƙauyen kuwa mun wuce shi a bakin hanya, a kashe, mai shi yana barci a kan buhu. Matan da ke wucewa da ruwa a ka ba wadda ta ɗaga ido. Na ɗauka ni ce baƙuwa ban san kan gari ba, na bar zancen.

Ita kuwa Hajjo ba ta daina faɗa ba. Rafi ya koma zirin ruwa, shanu suna shan laka, an fara haƙa rami a cikin yashi. Emilia takan ɗauko hoton Martins ta nuna mata, ta ce damina ce ba ta yi kyau ba, ga kurmi nan a tsaye, ruwa zai dawo. Hajjo takan dubi hoton ta mayar mata da hannu biyu.

Da ranin 1998 Martins ma ya samu aiki a Abuja, ya aiko da kyamarar ta hannun direban bas. A watan ne Patricia ta zo ta ce masu tallafin suna son su ga idon ruwan da kansa, inda yake ɓuɓɓugowa, kafin su ci gaba. Emilia ta bi mazan ƙauyen ɗaya bayan ɗaya. Wannan ƙafa ke ciwo, wancan yana da biki, wani ya ce shi dattijon ikilisiya ne ba zai taka wurin ba. Alhamis ta zagayo, Hajjo ta zauna a kujerarta ta ce Hammawa ya gama shawara, ya aika a duba musu wuri. Emilia ta tashi za ta ɗauko hoto. Hajjo ta riƙe mata bakin zane.

"Maman Nicholas," ta ce, "ke kin taɓa shiga?"

Da safiyar Asabar muka tafi mu biyu, muka tarar da Hajjo tana jiranmu a bakin hanya. Emilia ta ɗaura zanen zumuntar mata, ta sa Littafi Mai Tsarki a jaka, ta rataya kyamara a wuya. Muka ratsa gonakin citta inda mata ke gyaran ƙasa. Da suka gane inda muka nufa, sai suka miƙe ɗaya bayan ɗaya suka juya mana baya. Ba wadda ta ce kada ki je.

A bakin kurmin ta tsaya. Matar nan da ta haura hamsin da biyar, wadda ta gaya wa fasto magana a gaban dattawa, sai ga ta ta kasa shiga kai tsaye. Ta yi addu'a da harshensu. Sai ta sunkuya ta cire takalmanta, domin haka ta ji an ce kakanta yana yi, ta miƙa wa Hajjo. Ta kutsa tsakanin itatuwan ta ɓace. Ni na shirya tsayuwa mai tsawo, amma ko ruwan shayi ba zai tafasa ba na ji ta kira sunana, da wata murya ƙarama da ban san ta da ita ba.

Na shiga. Itatuwa layi uku ko huɗu, sanyi da duhu kamar yadda Martins ya faɗa, daga nan sai rana ta dake ni a fuska. Babu kurmi. Fili ne fetal har gindin dutse, kututture ko'ina, wasu sun yi baƙi sun fara ruɓewa, wasu sababbi da garin katako a kewaye. Ga galan na man inji a yashe, ga murhun da suka dafa abinci, ga hanyar mota an fasa ta bayan dutsen inda ba a hangowa daga gari. Sun cinye cikin ne suka bar fuskar da ke kallon ƙauye. Idon ruwan yana tsakiya a buɗe, rana a kansa, ɗan taɓo ne da bai fi tabarma ba.

Ban taɓa jin haushi irin na ranar ba, na zagi Martins, na zagi dattawan, na zagi masu katako har iyayensu. Emilia ba ta taya ni ba. Ta ɗaga kyamara ta riƙa ɗauka, tana taka garin katako da ƙafa ba takalmi, har fim ɗin ya ƙare.

Da muka fito ta wuce kai tsaye wurin matan. Ta tsaya gaban wata tsohuwa, ƙanwar mahaifiyarta, ta tambaye ta ko ba su ji ƙarar inji ba duk tsawon shekarun nan. Tsohuwar ba ta saki fartanya ba, ta amsa da gurguwar Hausarta don mu ma mu ji.

"Mun ji, Emilia. Kai ma ka ji, ranar da ka zo da wannan baƙon. Mace ba ya tambaya abin da ya fito daga can."

Emilia ta bar tsohuwar da fartanyarta. Can ta juya wurin Hajjo, wadda har yanzu ke rungume da takalman, ta ce ita fa, me ya hana ta faɗa?

"Na faɗa miki na ruwa, don ruwa namu ne da ku," in ji Hajjo. "Kurmi na kakanninku ne, mu baƙi ba mu sa baki a ciki. Na yi ta jira ki tambaye ni."

A mota muna dawowa Emilia ba ta yi kuka ba. Sau ɗaya ta yi magana, muna gab da shiga gari, ta ce ta koya wa mutum sama da arba'in yadda za su yi magana a kan daji, ita kuwa da kunnenta ta ji ana yanka shi ta ce injin niƙa ne.

Hotunan sun fita a Muryar Kurmi, kuma wannan karon an ji. Jami'ai suka zo da mota, aka yi taro, aka tsayar da yankan, wanda dama saura kaɗan ya ƙare. Masu tallafin suka ji daɗi ƙwarai, suka ce irin aikin da suke nema ke nan, suka ƙara mata shekara biyu da kwamfuta ta uku. Aka kira ta Jos ta yi jawabi aka tafa mata. Matan da suka sa mata suna Maman Dodo suka fara matsowa kusa da ita a benci. Duk wannan bai ƙara ko cokali ɗaya a rafin ba. Loko kuwa ba a shuka shi yau a sha inuwarsa badi.

Alhamis ta ƙarshe Hajjo ta zo da 'yar ƙaramar ƙwarya, ba ta talla ba. Shanu sun riga sun yi gaba da Hammawa, mata za su bi a mota washegari. Ina ta katanga ina leƙe, ban ɓoye ba wannan karon. Ta zauna a kujerarta, suka yi shirunsu kamar kullum. Da rana ta karkata ta tura wa Emilia ƙwaryar, ta ce wannan ba na sayarwa ba ne. Emilia ba ta ɗauko faifan rufi ba. Ta ɗaga ƙwaryar da hannu biyu ta kafa baki.

"Bari, Maman Nicholas," in ji Hajjo. "Na san ba kya sha. Tun shekarar farko na sani. Maƙwabciyarki ce ke ta ƙiba."

Emilia ta yi dariya da nono a baki har ta ƙware, hawaye suka zubo mata, ta share, ta ci gaba da sha har ta ga ƙasan ƙwaryar. Ta raka Hajjo tasha da ƙafa, abin da ba ta taɓa yi ba, ta dawo ita kaɗai ta rufe ƙofa. Ranar ba a miƙo mini komai ta kan katanga ba, kuma ba a sake miƙowa ba.

Ta ci gaba da koyarwa har bayan da tallafin ya ƙare. Ɗalibai suka yi ta zuwa suna tafiya, ita kuma ta riƙa zuwa ƙauyen da kanta da kyamara, tana shiga tana fita, har wasu 'yan mata suka fara bin ta suna dasa ƙananan itatuwa a gefen idon ruwan. Duk Bafulatanar da ta gani a kasuwa sai ta tare ta ta tambaye ta ko ta san wata Hajjo matar Hammawa da suka yi gabas. Sukan ce Hajjo da yawa. Har yau ranar Laraba tana share bakin falon. Kujerar tana nan inda take, kuma ko falon ya cika har wasu na tsaye, ɗalibai sun san ba a zama a kanta, ba kuma wanda ya taɓa tambayarta dalili.